Ragon Ɗantsoho a Gaban Majistare

A Gagarawa an san Alhaji Ɗantsoho mai hatsi da abu biyu: ragon layyarsa da 'yarsa lauya. Ragon dai akwai shi. Fari ne sol, daga kasuwar Maigatari aka sayo shi tun yana ƙarami, aka ɗora shi kan dusa da harawa har ya kai in ya kwanta sai ya yi shawara da kansa kafin ya tashi. 'Yar ma akwai ta, sunanta Naja'atu, tana jami'a, saura kaɗan ta gama. Lauyancin ne kawai babu.

Abin da take karantawa sunansa kiriminoloji, wato nazarin laifi da masu aikata shi. Ranar da ta fara gaya wa mahaifinta ya sa ta maimaita, ya gwada faɗa harshensa ya ƙi, sai ya tambaye ta ko akwai kotu a cikin karatun. Ta ce akwai, ta wani gefen. Ya ce to shi ke nan, lauya ce. Kafin la'asar labarin ya zaga rumfunan hatsi, kafin mako ya zagayo masu shayi a tasha sun fara kiranta Barista. Duk hutu sai ta gyara masa, shi kuma duk hutu sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta, ya fita ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ɗantsoho jinin Mangawa ne, wato dangin Barebari. Bai san ko gaisuwa ba a harshen kakanninsa, bai taɓa taka Barno ba, amma akwai gado ɗaya da ya riƙe da hannu bibbiyu: wasa da Fulani. Abokin wasansa kuwa tun suna samari shi ne Sajo, wani Bafulatani siriri mai ruga a kan hanyar Ɗanzomo, wanda yake noma gero kamar kowa amma ba ya yarda a kira shi manomi. Kowannensu ya hakikance ɗayan bawansa ne, kuma dukiyar bawa ta ubangidansa ce. Saboda haka Sajo ya taɓa ɗauke wa Ɗantsoho takalmi a ƙofar masallacin Juma'a, Ɗantsoho ya taɓa raba Sajo da malafarsa ana tsakiyar rana, an ɗauki keke, an ɗauki buta, an ɗauki jaki da kayansa.

Wasan yana da ƙa'ida, kuma ba a taɓa karya ta ba. Ba a ɗauka a ɓoye. Mai ɗauka sai ya yi sallama, ya nuna abin da ya ɗauka, ya tafi. Wanda aka ɗaukar wa kuma sai ya bi sawu har gida, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe ubangidana, bawanka ya zo roƙo." Daga nan a mayar masa da kayansa, a kawo fura a sha, a yi dariya, ya koma gida yana ƙulla ramuwa.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla, da hantsi, Sajo ya yi sallama a gidan Ɗantsoho. Maigidan yana kasuwa. Matarsa Hajiya Kyauta ta kawo ruwa, suka gaisa, ya tambayi yara, ta tambayi shanu. Da ya sha ruwan ya gode, sai ya nufi turke ya kwance ragon.

"Hajiya, ki gaya wa bawana na zo karɓar haraji."

"Kai dai Malam Sajo ba ka girma," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Ragon bai so tafiyar ba. Sajo yana ja yana turjewa, yana kuka, yara suna bi, haka suka ratsa gari. Duk wanda ba makaho ba ne ya gani, makafin ma sun ji.

Da Ɗantsoho ya dawo ya tarar da turke babu kowa, ya san abin da ke jiransa: tafiya ruga, durƙuso, da waccan maganar. Sai dai a bana an naɗa shi shugaban 'yan hatsi na kasuwa, ya ɗinka sababbin riguna, gwiwarsa kuma ta fara ciwo tun daga ranar naɗin. Ya zauna a zaure yana tunani, sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke faɗo wa mutum in Allah ya so a yi hira da sunansa. Zai kai ƙara wurin 'yan sanda. Su je da mota su ɗauko ɗan Fillo, ya tsorata, ya ga bayan kantar 'yan sanda, shi kuma ya zo daga baya yana baza babbar riga ya ce a sake masa bawansa. Wa ya durƙusa wa wani ke nan?

A ofishin ya tarar da wani sajan baƙo, wanda ba a daɗe da kawo shi daga wata jiha mai nisa ba. Hausarsa ta aiki ce, babu ɓarna babu ado. Ya ɗauki biro.

"Ka san wanda ya ɗauka?"

"Na san shi kamar yunwar cikina. Ƙasurgumin ɓarawo ne."

"Ya taɓa yi maka sata?"

"Tun muna samari yake yi. Takalmi, keke, jaki. Ubansa ma haka ya yi wa ubana."

Sajan ya rubuta duka, bai bar ko jakin ba. Satar dabbobi ba abin da hukuma ke ɗauka da sauƙi ba ne a wannan yanki, ga Salla ta matso. Kafin azahar mota ta isa rugar. Suka sami ragon ɗaure a gindin aduwa, Sajo yana kishingiɗe kusa da shi.

"Kai ka ɗauko wannan ragon?"

"Ni ne mana."

"Mai shi ya ba ka?"

"Ya ba ni? Shi wa? Ai shi da ragon duk nawa ne. Gobe ma in na ga dama sai in koma in ɗauko wani abin."

Tun da sajan ya shiga aiki bai taɓa samun mai laifi mai sauƙin kai irin wannan ba. Aka sa Sajo da rago a bayan mota.

Ɗantsoho ya bari sai washegari, don tsoron ya ratsa ɗan Fillo sosai. Ya yi wanka, ya zuba babbar riga, ya fesa turare, ya isa ofis yana murmushi ya ce to, ya isa haka, a fito masa da bawansa, wasa ne. Sajan ya dube shi ya ce tun da safe aka kai mutumin kotu. Majistare ya tambaye shi ko ya ɗauki ragon, ya ce ya ɗauka kuma zai ƙara. An tura shi gidan yari ajiya. Za a sake zama ranar aiki ta ƙarshe kafin hutun Salla, in ba a gama ba sai bayan hutu.

"To na janye ƙarar."

"Alhaji, ƙarar ba taka ba ce yanzu. Ta hukuma ce. Kai shaida ne."

"Ragona ne fa!"

"Shi ma shaida ne." Sajan ya nuna ta taga. Ga ragon can ɗaure a jikin wata mota da ta yi hatsari, yana kallon duniya da mamaki. "Ka riƙa kawo masa abinci, mu ba mu da kason rago."

Ɗantsoho ya garzaya kotu ya ce zai tsaya wa Sajo beli. Magatakarda ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai ƙara ya zo belin wanda ya kai ƙara ba, amma zai tambaya. Ba a ma kai ga tambayar ba, don da aka aika wa Sajo ya ce a gaya wa kotu ba a taɓa yin bawan da ya yi belin ubangidansa ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya hana 'ya'yansa ma su tsaya masa. Wanda ya kulle shi, in ji shi, ya san maganar da zai faɗa a buɗe.

A haka Naja'atu ta sauka daga mota ta zo hutun Salla. Tun daga tasha ta ji ana cewa Barista ta iso, an gama magana. Ta tarar da mahaifinta a zaure ya zabge, ko hula babu.

"Alhamdu lillahi. Ina kayan aikinki? Baƙar rigar da hular gashin nan?"

"Wace riga, Baba?"

Ya ba ta labari, yana rage wasu wurare, Hajiya Kyauta tana cike su daga bayan labule. Da ya gama ya ce abin da yake so kawai ta shiga kotu ta yi musu Turanci a saki Sajo.

"Baba, ni ba lauya ba ce. Na sha gaya maka."

"To me kike yi a can duk shekarun nan?"

"Karatu nake yi. Lauya dokar yake karantawa, ya gama ya tafi makarantar horar da lauyoyi, a rantsar da shi, sannan ya iya tsayawa gaban alƙali. Ni in na miƙe a kotu na ce zan kare wani, tare da Baffa Sajo za mu yi Salla."

"Ke kuma me kuke karantawa?"

"Lauya tambayarsa ita ce, me doka ta ce, kuma an tabbatar mutumin ya yi? Mu tambayarmu daban. Me ya sa mutum yake yin laifi? Me ya sa sata ta fi yawa a wani lokaci, kamar gab da Salla? Wa ake kamawa, wa ake bari? Wanda aka yi wa laifin, me ya same shi bayan nan? In an kulle mutum, yana gyaruwa ko lalacewa yake yi? Muna karanta halayyar ɗan Adam, da zaman jama'a, da lissafin ƙididdiga, da aikin 'yan sanda da na gidan yari. Dokar laifuka ma muna taɓawa, don sai doka ta kira abu laifi sannan yake zama laifi. Amma taɓawa ce."

Ɗantsoho ya auna abin da aka kashe ƙuruciyar 'yarsa a kai.

"Wato ku sai an kulle mutum ku zo ku tsaya kuna tambayar me ya sa."

"Wani lokacin kafin a kulle shi. Da ka kira ni a waya kafin ka je wurin sajan, da na gaya maka."

"To taɓawar da kika yi wa dokar, me ta nuna miki?"

"Ta nuna mini sata sai da mugun nufi, wato mutum ya ɗauki abu ba da yardar mai shi ba, da niyyar cutar da shi. Baffa ya yi sallama, ya sha ruwa, ya bar saƙo. A duk zancen nan laifi ɗaya na gani ƙarara, shi ne kai wa 'yan sanda rahoton da ka san ba gaskiya ba ne."

"Wa ya yi wannan?"

Daga bayan labule Hajiya Kyauta ta ce, "Alhaji, tambaya kake yi?"

Ɗantsoho ya ce shi dai ba zai durƙusa ba. A bar Sajo ya ɗan ƙara jin jiki, zai sauko da kansa ya karɓi beli. Bafulatani ne, taurin kansa ba ya wuce lokacin tatsa.

Washegari Naja'atu ta ɗauki kwanon fura da nono ta tafi gidan yari. Ba baƙon wuri ba ne gare ta, malamansu sun taɓa kai su irinsa ziyarar karatu, sai dai wancan karon ba ta san kowa a ciki ba. Aka fito da Sajo. Da ma siriri ne, yanzu kuwa sai ka ce rigar ce ta zo ziyara ita kaɗai.

"Barista 'yar bawana! Kin zo ganin ubangidan gidanku?"

"Baffa, ina wuni. Yaya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Ki gaya wa ubanki ina nan ina hutawa, hukuma na ciyar da ni."

Ya karɓi kwanon. Bai sha ba sai da ya shinshina nonon, ya ce na farar saniyar nan ce mai karyayyen ƙaho. Sannan ya tambaya ko an yi ruwa a wajensu, don daga ciki ba a ganin gabas. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa kwana a ɗakin da wani ke riƙe da mabuɗinsa ba. Ya faɗi haka yana kallon bango, sai kuma ya tuna da wa yake magana, ya gyara zama.

"Amma fa akwai ilimi a nan, 'yata. Ɗakinmu akwai wani yaro, Usaini, shi tasa sana'ar ce ta gaske. Da na ba su labarin yadda na ja ragon nan ta tsakiyar gari yana kuka, har hawaye suka yi don dariya. Suka ce tsoho, ai ba a jan rago da igiya. Dusa ake zubawa a aljihu, a ɗan ba shi ya lasa, sai ya bi ka da kansa shiru kamar ɗanka. Kuma ba a zuwa da hantsi. Sai rana ta take, mata sun shige ɗaka, maza suna masallaci. Kin ji fa! Na tsufa a banza."

Naja'atu ta san wannan darasin. Sun yi zangon karatu guda a kansa, har jarrabawa ta rubuta: yadda ake kai mutum gidan yari da ƙaramin abu ya fito da babban sani. Ba ta dai taɓa zaton za ta ji shi daga bakin Baffa Sajo yana shan fura ba.

Da ta koma gida ba ta yi wa mahaifinta Turanci ba. Ta ce masa Baffa ya rame, yana tambayar ko an yi ruwa, kuma ya fara ɗaukar karatu wurin ɓarayin gaske. In aka ɗage shari'ar, a ciki zai yi Salla, shanunsa a hannun yara, iyalinsa ba mai yanka musu. Kuma duk Gagarawa da Ɗanzomo sun san wanda ya kai shi.

"Ya ce ya gaji?"

"Bai ce ba. Ba zai ce ba, ka fi ni sani."

Ɗantsoho ya daɗe yana murza gwiwarsa. Can ya ce, "Lauyan na gaske, a ina ake samunsa?"

A Gumel suka same shi, Barista Jamaluddeen, a wani ofis saman kantin magani, fanka tana juyawa a hankali kamar ita ma jiran wuta take yi. Ya saurari labarin bai yi dariya ba, sai dai sau da yawa yana fita wai zai amsa waya. Ya ce maganar Naja'atu daidai ce. Zai tsaya wa Sajo, kuma hanyar gajeriya ce: a nuna wa kotu babu mugun nufi, akwai daɗaɗɗiyar yarda tsakaninsu. Amma ba wanda zai iya tabbatar da haka sai mai ragon, da bakinsa, bayan ya yi rantsuwa.

"In na faɗa, ni kuma fa? 'Yar nan ta ce ni ne mai laifin."

"Za mu roƙi kotu ta yi maka sassauci, tunda kai ka zo da gaskiyar da kanka. Ba na yi maka alkawari." Ya juya wurin Naja'atu. "Ke kiriminoloji kike yi? Da mu ma an koya mana ko rabinsa. Mu sai abu ya lalace ake kiranmu, mu tambayi sashe na nawa. Yadda aka yi ya lalace ba ya cikin jarrabawarmu."

Ɗantsoho ya adana wannan maganar, don ya ga za ta yi amfani a kasuwa.

Ranar zama kotu ta cika. 'Yan hatsi sun rufe rumfuna, Fulanin Ɗanzomo sun jingine sandunansu a waje, masu shayin tasha ma sun zo, duk don su ga Barista Naja'atu cikin hular gashi. Sai suka gan ta da mayafinta a bencin 'yan kallo kusa da mahaifiyarta. Aka fara raɗa. An ɗaure ragon a bakin taga, ya zube kamar an sace rabinsa.

Majistare mutum ne da alama ya riga ya yi sallama da mamaki. Aka rantsar da Ɗantsoho, Barista Jamaluddeen ya miƙe.

"Alhaji, ka san wanda ake tuhuma?"

"Na san shi."

"Mene ne tsakaninku?"

"Bawana ne."

"Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe!" in ji Sajo daga akwati. Majistare ya buga tebur.

"Abokin wasanka ne?"

"Haka ake cewa."

"Kai ka taɓa ɗaukar kayansa?"

Ɗantsoho ya dubi sajan, ya dubi ƙofa. "Malafa ce kawai. Da keke. Jakin kuma ramuwa ce."

"Da ya ɗauki ragon, ka yi zaton ya tafi da shi ke nan har abada?"

"A'a. Ana mayarwa."

"Yaya ake yi a mayar?"

"Ana zuwa ne a faɗi wata magana."

"Wace magana?"

"Wata 'yar magana ce dai ta tsakaninmu."

Majistare ya ɗago kai. "Kotu tana so ta ji maganar."

Ɗantsoho ya dubi 'yan hatsin da yake shugabanta. Ya dubi Fulanin da suka cika benci suna gyara zama kamar za a raba nama. Sannan ya dubi Sajo, ya ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yi gyaran murya, ya faɗa cikin gemu.

"Ba a ji ba," in ji magatakarda, biro a hannu.

"Kuma ranka ya daɗe," in ji Sajo, "ba a tsaye ake faɗinta ba."

Majistare ya ce kotu ba ta tilasta wa kowa durƙuso, amma in shaida yana so ya nuna yadda al'adar take, ba za a hana shi ba. Ɗantsoho ya tattare sabuwar babbar rigarsa, gwiwar ta yi ƙara har bencin baya, ya kai ƙasa.

"Ranka ya daɗe ubangidana, bawanka ya zo roƙo."

Magatakarda ya rubuta, ya karanta a fili don a tabbatar bai yi kuskure ba. Abin da aka saba faɗa a gindin aduwa gaban shanu, yau ya shiga takardun hukuma, inda ba ya gogewa. Sai da ɗan sandan kotu ya yi tsawa sannan aka yi shiru.

Majistare ya ce kotu ba ta ga sata ba, ta ga tsofaffi biyu da ba su da aikin yi. Ya sallami Sajo. Ya ce wa Ɗantsoho ofishin 'yan sanda ba dandalin wasa ba ne, kuma darajar furfurarsa da gaskiyar da ya faɗa ne suka sa zai kwana a gida, in ya sake kuwa zai je ya ga ɗakin da ya aika abokinsa. Game da rago, tunda ba a sace shi ba, sai a mayar da shi hannun wanda aka karɓo shi daga wurinsa.

"Ranka ya daɗe, ai na faɗi maganar!" in ji Ɗantsoho.

"Waccan ta fitowata ce," in ji Sajo. "Ta rago daban."

A waje 'yan hatsi suka kewaye shugabansu. Ba su tambayi durƙuson ba, wannan sun ajiye shi sai an koma kasuwa. Tambayarsu ita ce me ya sa Barista ba ta tashi ta yi magana ba.

"A kan rago?" in ji Ɗantsoho yana kaɗe gwiwa. "Ai irinsu ba sa tashi a kan rago. Yaronta lauyan nan ta sa. Ni na ji shi da bakinsa, ya ce abin da ta karanta su ba a koya musu ko rabinsa ba. Lauya sai an yi laifi yake sani. Ita tun kafin a yi."

Naja'atu ta buɗe baki za ta gyara, Hajiya Kyauta ta taɓa ta ta ce ta bari, wannan ya fi na da kusa da gaskiya.

Can gefe Sajo ya kwance igiyar ragon ya miƙa wa sajan, ya ce ba ya bukata. Ya sa hannu a aljihu, ya ba ragon wani abu ya lasa, ya kama hanya. Ragon ya bi shi a baya shiru, ko waiwaye babu.

Ranar jajibiri Ɗantsoho ya idar da azahar ya dawo gida yana shirin tafiya ruga, don ya riga ya haƙura, gwiwar da ta durƙusa gaban majistare ba za ta ji kunyar aduwa ba. Yana shiga sai ya ga ragon a turkensa yana tuƙa, an ma zuba masa harawa. Ya tsaya yana kallonsa, ya ce ashe ɗan Fillo yana da sauran mutunci.

"Yaushe ya zo?" ya tambayi Hajiya Kyauta.

"Wa?"

"Sajo mana. Ba ga ragon ba?"

Ta leƙo daga ɗaki tana mutsuttsuke ido. Ta ce ita ba ta ji sallamar kowa ba, ta ɗan kishingiɗa ne saboda rana. Sai ta dubi igiyar shanya, inda ta rataye babbar rigar da Alhaji zai sa zuwa idi, wadda aka karɓo daga wurin maɗinki da safe. Igiyar na nan. Takalmin idin ma da ke bakin ƙofa babu shi. Aka tambayi maƙwabta, aka tambayi mai kanti a bakin layi, ba wanda ya ga shigar kowa ko fitarsa.

"Bai yi sallama ba," in ji Hajiya Kyauta. "Ko ruwa bai nema ba. Malam Sajo fa!"

Ɗantsoho ya juya wurin 'yarsa, wadda ke zaune a inuwa tana yankan albasa.

"Ke da kika karanta, wannan kuma mene ne?"

"Shi ne abin da nake gaya maka muna karantawa, Baba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ka kai shi gidan gyaran hali, an gyara."

Ɗantsoho ya sake duban igiyar shanyar. Sannan ya zura silifas ɗin alwala, ya ɗauki sandarsa saboda gwiwa, ya nufi hanyar Ɗanzomo. Ta gaban ofishin 'yan sanda hanyar ta bi, sajan yana zaune a waje ya ɗaga masa hannu ya tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Ɗantsoho, ya ƙara sauri.